Layi Ya Zo Kanka

Ranar Talata wasiƙar ta zo.
Ɗan aike ya hawo tsaunin Valparaíso yana haki,
matakala ɗari da sittin da biyu.
Baba ne ya ƙirga su,
ya ce kowace ɗaya ta san gwiwarsa.

Na buɗe ta a tsaye, hannuna duk ƙarnin kifi.
"Don Evaristo Quilodrán, muna farin cikin sanar da kai
layi ya zo kanka.
Ka zo ran sha tara da safe. Kada ka ci komai."

To, ai bai ci ba.
Wata bakwai ke nan bai sa komai a baki ba,
can maƙabartar da ke kallon teku,
inda iska ke kwashe furen da muka ajiye masa
ta kai wa maƙwabcinsa.

Mama Leontina ta karɓi takardar,
ta ninke ta huɗu,
ta cusa ƙarƙashin ƙafar teburin da ke rawa.
Ta ce, "Yau dai asibiti ya yi mana rana."
Ta juya ta ɗora ruwan shayi.

Shekara talatin da ɗaya yana shafa wa igiyar ƙarfe mai,
wadda ke jan akwatin mutane sama da ƙasan tsauni.
Ba ta taɓa tsinkewa a hannunsa ba.
Duk wata kamfanin fansho ya gutsuri nasa
tun albashi bai ga rana ba.
Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Da na je, aka ba ni lamba: tamanin da huɗu.
Tagar farko ta ce sai ta uku,
ta uku ta ce na'ura ta tsaya,
wata mai jan farce ta ce,
"Kawo shaidar cewa ya rasu."
Na miƙa.
"Wannan ta tsufa, ta wuce kwana sittin."
Na ce, ai har yanzu bai fasa ba.
Ba ta yi dariya ba. Ni ma ban yi ba.

Ƙanena Baltasar ya ce mu kai ƙara.
Na ce, gidan wa?
Duk ƙofarsu gilashi ce, kana hango ciki,
amma ba ta buɗuwa sai ta waje guda.
Yanzu Mama a gwangwanin madara take ajiya,
bayan buhun wake.
Ta ce shi ko ya cinye kuɗinta, tsatsa ce,
kuma tsatsa ba ta aiko da takardar godiya.

Da asuba ina bakin ruwa ina feɗe kifi,
tsuntsayen teku na faɗa a kan hanji.
Da yamma in sayi burodi huɗu,
sai na hau rabin matakala in tuna mu uku ne.
Doña Herminia ta ƙasanmu takan miƙo miya ta katanga,
ba ta taɓa tambayata shaida ba.

Ran sha tara na tafi.
Ban gaya wa kowa ba, ban kuma karya ba.
Na zauna a kujerar roba, kusa da wani tsoho
mai riƙe da hularsa kamar za a ƙwace.
Ƙarfe tara da kwata lasifika ta kira sunan Baba,
cikakke, har da na mahaifiyarsa.
Rabon da in ji shi a bakin wani
tun ranar da aka rufe shi.

Na yi shiru don su sake.
Suka sake.
Sau uku.

Sannan aka kira na gaba,
tsohon ya miƙe da ƙyar, hularsa ta faɗi.
Na ɗauka, na kaɗe, na sa masa a hannu,
na ce, yi sauri, Baba,
kafin su sake shawara.